Kafin Ka Sayi Madubin Hangen Nesa

A shekarar da na fara zama a London, wata Asabar cikin watan Afrilu, na bi ta wata kasuwa inda ake baza kaya a bakin titi, sai na ga wani mutum yana sayar da madubin hangen nesa, irin mai ido biyun nan da akan gani a wuyan sojoji da matuƙan jirgin ruwa. Babba ne, baƙi ƙirin, gilasansa na gaba jajaye suna walƙiya kamar garwashi, an kuma rubuta 20x50 a kafaɗarsa. Mai kayan ya ce mini ashirin ɗin nan ita ce ƙarfinsa, na kusa da shi mai lamba takwas kuwa abin wasan yara ne. Ban tsaya wani dogon ciniki ba, na biya, na rataya a wuya, na koma gida ina ganin na yi tsintuwa.

Washegari na nufi unguwar Barnes, a kudu maso yammacin birnin, inda aka mai da waɗansu tsofaffin tafkunan ajiyar ruwan sha fadamar tsuntsaye, aka buɗe ta ga jama'a a shekarar 2000. Na yi kusan awa biyu ina fama. Duk tsuntsun da na hango da idona, da na ɗora madubi sai in neme shi in rasa. In kuwa na yi sa'a na kama shi, sai in ga yana rawa sama da ƙasa kamar ana girgiza shi a cikin ƙwarya. Kafin azahar kaina ya ɗauki ciwo. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya lura da halin da nake ciki, ya miƙo mini nasa, ɗan ƙarami ne, tsoho, fentinsa duk ya goge, an rubuta 8x30 a jikinsa. Ina kai shi ido sai ga waɗansu 'yan tsattsewa masu ruwan ƙasa, fes, suna shiga ramukansu suna fita, har ina iya ganin ɗan zanen da ya ratsa ƙirjinsu. Dattijon ya tambaye ni daga wace ƙasa na zo. Da na gaya masa sai ya yi murmushi, ya ce ai ni da tsuntsayen nan hanyarmu ɗaya, domin a kudancin Sahara suke yin hunturu, ba su fi 'yan makonni da isowa ba.

Tun daga ran nan na gane cewa babbar lambar da mai talla ke nuna maka ba ita ce ma'aunin madubi mai kyau ba. Abin da ke sa madubi ya amfane ka shi ne yawan hasken da yake kawowa idonka, da faɗin filin da yake nuna maka, da kuma ko hannunka zai iya riƙe shi ba tare da hoton ya yi rawa ba. Wannan shi ne abin da nake so in yi bayani a kai, domin kada wani ya zub da kuɗinsa yadda na zub da nawa.

Wani zai ce kallon tsuntsaye ai aikin waɗanda suka ƙoshi ne. To, amma ga wani misali. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye na sa-kai a Ingila suka lura cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba dawowa kowace shekara daga Afirka ta Yamma, ya ragu da fiye da rabi a cikin shekara guda. Da masana suka bi diddigi, sai suka danganta al'amarin da ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel, watau farkon babban farin nan da ya addabi ƙasashenmu a shekarun 1970. Mutanen da suka fara ganin wannan alama ba su da wani kayan aiki da ya wuce madubin hangen nesa da littafin rubutu. Har ila yau, madubin nan shi ne idon masu gadin gandun daji a Mole ta Gana, da Waza ta Kamaru, da Zakuma ta Cadi, da Dindir ta Sudan, da Yankari ta Nijeriya. Mai jirgin ruwa yana bukatarsa, haka mai duban jinjirin wata. Saboda haka zaɓensa ba wasa ba ne.

Ma'anar lambobin nan biyu

A jikin kowane madubi za ka ga lambobi biyu, kamar 8x42, ko 10x50, ko 7x50. Lamba ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu. Watau in madubi mai takwas ne, gaurakar da ke nesa da kai mita 80 za ka gan ta kamar tana mita 10 ne daga inda kake tsaye. Lamba ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne, da ma'aunin milimita. Gilashin nan shi ne tagar da haske ke shigowa ta cikinta, kuma in an ninka faɗinsa sau biyu, hasken da yake tarawa yakan ninku sau huɗu. Ke nan gilashi mai milimita 50 yana tara haske ninki huɗu na mai milimita 25, mai 42 kuma yana tara kusan ninki biyu na mai 30.

Me zai hana mutum ya ɗauki wanda ya fi kusantowa? Dalili na farko shi ne hannu. Babu mahaluƙin da hannunsa ba ya motsi, ko da numfashi ne da bugun zuciya. Madubi kuwa ba ya bambanta tsakanin tsuntsu da rawar hannu, yadda ya girmama wannan haka zai girmama wancan. Yawancin mutane suna iya riƙe mai bakwai ko mai takwas cikin natsuwa, da dama suna iya riƙe mai goma, amma daga sha biyu zuwa sama sai an ɗora shi a kan mazauni mai ƙafa uku, ko kuma a nemi irin waɗanda aka sa musu na'urar hana rawa mai aiki da batir, waɗanda kamfanoni irin su Canon ke yi, su kuwa da tsada.

Dalili na biyu shi ne faɗin fili. Gwargwadon yadda madubi ke kusanto da abu, gwargwadon yadda filin da yake nunawa ke ƙuntata. Akan rubuta wannan a jikin madubi ko a kwalinsa, wani lokaci da digiri, wani lokaci da mita. Digiri ɗaya daidai yake da kimanin mita 17 da rabi a nisan mita 1,000. Madubi mai kyau na 8x42 yakan nuna faɗin mita 120 zuwa 140 a wannan nisa, alhali kuwa irin wanda na saya bai kai mita 60 ba. A mai da lissafin nan kan bishiyar da ke nesa da kai mita 20: mai takwas zai nuna maka faɗin kamar mita biyu da rabi na rassanta, mai ashirin kuwa ɗan abin da ya ɗara mita ɗaya. Tsuntsu ba gunki ba ne, ba zai tsaya jiranka ba. Wannan shi ya sa na yi ta neman nawa ina rasawa.

Dalili na uku ya fi shafar mu mutanen ƙasashe masu zafi. In rana ta take, iskar da ke tashi daga ƙasa takan yi kawalwalniya, ta sa abin da ke nesa ya riƙa narkewa a ido. Madubi mai ƙarfi sosai yakan girmama kawalwalniyar nan tare da abin da kake dubawa, ka tashi ba ka ƙaru da kome ba. Haka ma hazon hunturu, babu gilashin da ke huda shi.

Ɗigon haske da ƙwayar idonka

Akwai wata lamba ta uku wadda ba a cika rubuta ta ba, amma kowa zai iya fitar da ita da kansa. Ka riƙe madubi nesa da fuskarka kamar tsawon kamu ɗaya, ka fuskanci wuri mai haske, ka dubi ƙananan gilasan da ake ɗora ido a kansu. Za ka ga ɗan ɗigon haske a tsakiyar kowannensu. Duk hasken da madubin ya tara ta wannan ɗigo yake fitowa. Ana samun faɗinsa in an raba lamba ta biyu da ta farko. A 8x42 ɗigon ya ɗan ɗara milimita 5, a 7x50 ya ɗan ɗara 7, a 10x50 milimita 5 ne cif, a 8x32 milimita 4, a 10x25 da 20x50 kuwa biyu da rabi kacal.

Amfanin sanin wannan shi ne, ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar idon mutum tana tsukewa tana buɗewa. Da tsakar rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, cikin duhu kuwa ta saurayi takan buɗe har kusan 7. In shekaru suka ja, buɗewar takan ragu, ta dattijo ba ta cika wuce milimita 5 ba. Da tsakar rana ƙaramin madubi na aljihu da babba kusan haske ɗaya za su ba ka. Amma da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya, lokacin da tsuntsaye da namun daji suka fi fitowa, ko a cikin kurmi mai inuwa, mai ƙaramin ɗigo zai dushe, ya bar ka da inuwar abu kawai. A ɗaya gefen kuma, dattijon da ya ɗauki 7x50 don kallon tsuntsaye yana ɗaukar nauyin hasken da idonsa ba zai iya karɓa ba. Matuƙan jirgi suna son 7x50 ne domin faffaɗan ɗigon nan yana sa ido ba ya kuɓucewa daga hoto in jirgi yana tangaɗi, ga shi kuma yana aiki da dare.

Wannan ne dalilin da ya sa mafi yawan masu kallon tsuntsaye suka tsaya a kan 8x42. Yana da isasshen haske safe da yamma, filinsa da faɗi, nauyinsa kuma yawanci tsakanin giram 650 ne da 800. Wanda ke yawan tafiya a ƙasa, ko mai ƙaramin hannu, 8x32 zai fi masa sauƙi. Wanda kallonsa a buɗaɗɗen wuri ne, kamar bakin Tafkin Cadi ko fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban agwagin ruwa daga Turai da Asiya ke sauka da rani nesa da gaɓa, 10x42 zai fi nuna masa dalla-dalla, muddin hannunsa ba ya rawa.

Abin da ke cikin cikinsa

Madubai biyu suna iya zama da lamba ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya kuɗi ninki ashirin. Bambancin yana ciki, inda ido ba ya gani.

Tun farkon ƙirƙiro madubin hangen nesa aka so a yi shi mai ido biyu. A shekarar 1608, sa'ad da Hans Lipperhey, wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, ya kai wa hukuma nasa mai ido ɗaya, abin da suka nema gare shi shi ne ya yi musu wanda za a duba da idanu biyu. Matsalar da ta daɗe tana damun maƙera ita ce, gilashin gaba yakan juya hoto, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. A shekarar 1854 wani Ba'italiye, Ignazio Porro, ya yi rajistar wata dabara ta sa dunƙulen gilashi masu kusurwa, waɗanda ake kira firizim, a cikin bututun. Su ne ke miƙe hoton, su kuma naɗe hanyar haske har madubin ya gajarce. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da irin wannan madubi a shekarar 1894.

Yau akwai iri biyu a kasuwa. Na farko shi ne mai tsarin Porro, wanda za ka gane shi da kafaɗunsa, domin gilasan gaba sun fi na ido nisa da juna. Na biyu shi ne mai miƙaƙƙen bututu, wanda firizim ɗinsa ke da siffar jinka. Mai miƙaƙƙen bututu ya fi daɗin riƙo, ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura, shi ya sa ya mamaye kasuwa. Amma ƙera shi ya fi wuya, kuma yana bukatar wani shafi na musamman a kan firizim ɗinsa, wanda kamfanin Zeiss ya fito da shi a shekarar 1988, in babu shi kuwa hoton ba ya fita tangaran. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, in kuɗinka kaɗan ne, mai kafaɗu zai fi ba ka hoto mai kyau bisa mai miƙaƙƙen bututu na farashi ɗaya. Kada ka raina shi don ya yi kama da na zamanin da.

Sai batun shafi. Duk inda haske ya ratsa fuskar gilashi tsirara, kimanin kashi 4 cikin 100 nasa yakan koma baya. A cikin kowane bututu kuwa akwai fuskoki goma ko fiye, saboda haka madubin da ba a shafa masa kome ba yana iya zub da kusan rabin hasken da ya tara, abin da ya zube kuma ya riƙa yawo a ciki yana sa hoton ya yi fari-fari kamar an duba ta cikin hayaƙi. A shekarar 1935 Alexander Smakula, wani masani a kamfanin Zeiss, ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara. Madubai masu kyau na yau, waɗanda aka yi wa dukkan fuskokinsu shafi hawa-hawa, suna isar da kimanin kashi 90 cikin 100 na haske ko fiye. Akan nuna wannan da haruffan FMC a kwali ko a takardar bayani. Shafi mai kyau yakan sa gilashin gaba ya yi duhu, da ɗan kore ko shuɗi ko shunayya kaɗan, har ka iya hango cikin bututun. Jan gilashin nan mai walƙiya da ya ruɗe ni kuwa yana kore wani sashe na haske ne, ya bar duniya ta yi maka kore-kore. Mai son ya gane launin fuka-fukan tsuntsu ya guje shi.

Akwai waɗansu haruffa biyu da za ka iya cin karo da su. BaK-4 sunan irin gilashin firizim ne, wanda a madubi mai kafaɗu ya fi BK-7 cika ɗigon haske. Ba sai ka yarda da rubutun kwali ba: dubi ɗigon, in ya yi zagaye sosai yana haske ko'ina, madalla, in kuwa gefensa ya yi inuwa mai kusurwa huɗu, ana yanke wani sashe na hasken. Haruffan ED kuma suna nufin gilashin da ke rage ɗan zaren launi, shunayya ko kore, da kan fito a gefen abu mai duhu in yana gaban sararin sama, kamar hankaka a kan turken lantarki.

Abin da za a guje wa, bayan jan gilashi, shi ne madubi mai araha wanda ake ja ƙarfinsa ya ƙaru, irin wanda aka rubuta wa 10-30x50 ko makamancin haka. Filinsa ƙunci gare shi, kayan cikinsa masu motsi suna da yawa, kuma ba ya daɗewa bututunsa biyu suke saɓa wa juna. Haka kuma wanda aka ce ba ya bukatar saiti sam, yana da kyau ga kallon ƙwallo ko tsere, amma ba ya nuna abin da ke kusa.

Gwaji a kanti

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. In da hali kada ka sayi madubin da ba ka ɗora a idonka ba, in kuwa ta intanet za ka saya, ka tabbata akwai damar mayarwa. Ga yadda ake gwaji.

Da farko ka lanƙwasa gaɓar tsakiya har da'irori biyun da kake gani su haɗe su zama ɗaya. In sun ƙi haɗewa duk yadda ka yi, madubin bai dace da tazarar idanunka ba, wannan kuwa yakan faru da yara da masu ƙaramar fuska.

Sa'an nan ka daidaita shi da idanunka, domin da wuya a sami mutumin da ƙarfin idanunsa biyu ɗaya ne. A yawancin madubai akwai wani zobe a gilashin ido na dama don wannan aiki. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murza majuyin tsakiya har rubutun wani allo da ke nesa ya fito sarai a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka bar majuyin tsakiya, ka murza zoben nan har rubutun ya fito a idon dama. Daga nan ba ka sake taɓa zoben, majuyin tsakiya kaɗai ya isa. Mutane da yawa suna zargin madubinsu alhali kuwa wannan ɗan aiki ne ba su yi ba.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne na daidaiton bututun biyu. Ka dubi wani abu miƙaƙƙe a kwance, kamar bakin rufin gida ko wayar lantarki, sa'an nan ka janye madubin daga fuskarka sannu a hankali kana ci gaba da dubawa. In layin da ke gilashin dama ya fi na hagu hawa ko sauka, bututun sun saɓa. Ƙwaƙwalwa takan yi ƙoƙarin haɗa hotunan biyu da ƙarfi, abin da ke jawo ciwon kai da jan ido bayan 'yan mintoci. Irin wannan madubi ko kyauta aka ba ka, wahala aka ba ka. Wannan gwaji ya fi zama wajibi ga mai sayen na hannu, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta gusar da firizim daga mazauninsa.

Mai sa tabarau yana da ƙarin abin dubawa, watau tazarar da ido zai iya yi da gilashi ya kuma ga filin duka. Ya nemi madubin da tazararsa ta kai milimita 15 ko 16 ko fiye, ya murza kofunan ido su koma ƙasa, ya duba da tabaransa a fuska. In ya ga kamar yana leƙe ta cikin rami, ya ajiye ya ɗauki wani.

Bayan haka ka gwada kusa. Madubin kallon tsuntsaye ya kamata ya iya nuna abin da ke mita biyu ko uku daga gare ka, domin sau da yawa tsuntsu a cikin shinge yake, ba a ƙarshen duniya ba. Ka ji majuyin tsakiya ko yana tafiya sumul, ba sako-sako ba, ba kuma da tauri ba. Ka duba gefen hoto ka ga ko ya dushe ƙwarai. Ka juya madubin, ka haska tocila ta gilashin ido, ka leƙa ta gaba ko akwai ƙura, ko raɓa, ko zaren funfuna mai kama da saƙar gizo. Daga ƙarshe ka riƙe shi a ido minti biyu ko uku cur. Madubin da ya gajiyar da kai a kanti zai ƙare a cikin akwati.

Game da kuɗi, a Ingila akwai madubai na kamfanoni irin su Zeiss da Leica da Swarovski da suka haura fam 2,000, amma tsakanin fam 100 da fam 300 ana samun wanda zai yi wa mutum aiki shekara da shekaru. Ratar da ke tsakanin na bakin titi da na fam 150 ta fi ratar da ke tsakanin na fam 150 da na fam 2,000 girma nesa ba kusa ba. Ka tambayi garanti, ka kuma tambayi inda ake gyara.

Ƙura, danshi da rana

Inda mutum yake zaune shi ma yana da ta cewa. Madubin da aka toshe da zoben roba aka cika shi da iskar naitirojin ba ya shan ruwa, ba ya yin raɓa a ciki, ƙura kuma ba ta shiga. Ga mazaunin Kumasi ko Duwala, inda danshi ke sa funfuna ta tsiro a kan gilashi har ta cinye shafinsa, da mazaunin Injamena ko Umdurman ko Jidda, inda ƙura ke shiga ko'ina, wannan toshiya ta cancanci ƙarin kuɗi. Da damina kada a bar madubi a kulle cikin jakar fata, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Kada a bar shi a cikin mota a rana. Wajen gogewa kuwa, a fara hure ƙurar, a share da burushi mai laushi, sa'an nan a goge da ƙyallen goge tabarau. Gefen riga a kan gilashi mai ƙura daidai yake da goge shi da yashi.

Mai son duban sama da dare, 7x50 ko 10x50 ne nasa. Da irin wannan, in ya jingina gwiwar hannunsa a kan katanga, zai ga ramukan da ke fuskar wata, zai ga Kaza da 'Ya'yanta sun zama taurari barkatai, zai kuma iya ganin manyan watannin Mushtari, waɗanda su huɗu ne, kamar ɗige-ɗige a jere kusa da ita. Irinsa ne kuma ya dace da neman jinjirin wata. Amma a nan akwai gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa nauyi: kada a kai madubi ido a fuskanci yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Gilashin da ke tara hasken tauraro haka yake tara zafin rana, kuma ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta ƙona cikin ido ƙunar da ba ta da magani. A gaya wa yara wannan kafin a ba su shi su riƙe.

Akwai kuma ladabi. Ba a juya madubi wajen gidajen mutane. A ƙasashe da yawa kuma, wanda aka gani yana hange kusa da barikin soja, ko filin jirgin sama, ko kan iyaka, yana iya kwana yana amsa tambayoyi. Baƙo a ƙasar wasu ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

In an ce in taƙaita, shawarata ita ce: mai kallon tsuntsaye ya nemi 8x42, ko 8x32 in yana son mara nauyi, mai hange a fili ya nemi 10x42, mai jirgin ruwa da mai duban sama su nemi 7x50 ko 10x50. Kowannensu ya zama an yi wa gilasansa shafi duka, an toshe shi daga ruwa, an kuma gwada shi da idon mai shi. Ni dai 8x42 na saya daga baya, da shi kuma na tafi gida hutu a farkon wata damina, na zauna a ƙofar gidanmu ina kallon shamuwa tana gyara sheƙarta a kan tsamiya. Tun ina yaro nake ganinta kowace shekara, amma sai ran nan na san cewa fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban idonta.